Farantin Yashin Ya Kyari

Masallacin ƙofar gidanmu a Birni ba wani babba ba ne. Sahu uku yake ci, wanda ya makara sai ya shimfiɗa buzunsa a kan yashin lungu. Babanmu ne ya gina shi, ya yi limancinsa har Allah ya karɓi abinsa, sannan 'yan unguwa suka tura yayana Kyari gaba. Ba don rawani suka tura shi ba, don bai taɓa naɗawa ba. Mushe ne, wato malamin lakkwal, makarantar boko, kimiyya ya koyar har kansa ya yi fari. Amma ya sauke Alƙur'ani a gaban Baba tun kafin ya san alli, kuma Allah ya ba shi daɗin murya.

Da ya ajiye aiki, matarsa ta riga ta rasu, 'ya'yansa duk suna Yamai, sai abu biyu suka rage masa a duniya, wannan masallaci da sararin sama. Ni Bintu, ƙanwarsa, da na dawo gida bayan takaba nake tuƙa masa tuwo, ban shiga cikin lissafin ba, kuma ban ji haushi ba. Ɗakina bango ɗaya ne da masallacin, akwai 'yar taga can sama a tsakani. Ba na ganin kowa, amma daga ƙarfin amin nake sanin yawan mutanen da suka bi shi.

Yana da wata tsohuwar jumel, madubin nan mai ido biyu na hangen nesa, wadda ya sa maƙeri ya yi mata ƙafa uku. In bazara ta yi, aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, duk Birni na fifita ana tsine wa zafi, shi kaɗai za ka ji ya ce alhamdu lillahi. Wai duhu ya samu. Da an sallame isha'i sai ya haye soro, tuwo ya huce ya yi ɓawo yana jiran sa.

Bazarar da nake ba da labari, wata rana ya leƙo daga sama.

"Bintu, hau ki ga wani abu."

"Ya Kyari, gwiwata da matakalar nan ba sa ga maciji."

"Hau dai. Ba kullum yake kusantowa haka ba."

Na hau ina nishi. Ya kama kaina kamar mai shirin yi mini aski, ya kai idona bakin jumel, ya ce in nemi taurari uku da suka yi zaman murhu, sannan in dubi ƙasa da su kaɗan. Na duba. Wani ɗan ɗigo ne, ko ƙwayar gero ta fi shi cika ido.

"Wannan ne ya hana ka cin tuwo?"

"Wannan ba tauraro ba ne," in ji shi. "Dutse ne. Besta ake ce masa. Faɗinsa ya fi daga nan zuwa Agadas. Su da yawa ne, dubbai, suna zagaya rana a tsakanin duniyoyin Mirrihi da Mushtari, shi ne dai ya fi su haske a wurinmu."

"To da me ka bambanta shi da sauran ɗige-ɗigen?"

"Taurari ba sa sauya zama a tsakaninsu. Yadda Baba ya gan su haka jikokinki za su gan su. Shi kuwa matafiyi ne. Ki dawo jibi, ba za ki tarar da shi a nan ba."

A lokacin ne ƙafata ta taɓa wani abu. Na sunkuya, sai ga farantina na tsintar shinkafa, wanda na kwana biyu ina zargin maƙwabta a kansa. Ya cika shi da yashi. Ya jera ƙwallayen dabino, kowane ƙwallo a mazaunin tauraro guda, ga kuma wake fari ɗaya, shi ne dutsen nasa. Kowane dare sai ya matsar da waken zuwa inda ya gan shi, ya ɗiga yatsa a inda ya taso. Har ramukan yatsa sun yi layi.

Na ce me ya hana shi takarda, shi da ya ƙare rayuwa a cikin takardu. Ya ce takarda sai da tocila, kuma da ka haska tocila idon da ka daɗe kana saba masa da duhu ya lalace, sai ka sake jira. Yashi kuwa da hannu ake karanta shi.

Na daɗe ina kallon sa. Mai ilimi ne yayana, amma wani lokacin sai ka rantse jiya aka kawo shi garin nan.

"Ya Kyari, mutum ɗan asalin Barno, a kan soro, bayan isha'i, ga farantin yashi a gabansa, yana kallon taurari yana ɗiga yatsa. Ko ni da muka sha nono ɗaya, in na hango ka daga nesa me zan ce?"

Ya yi dariya har da tari. Ya ce wanda ya yi shakka ya hau ya gani da idonsa.

Bazara ce, rabin Birni a kan soro yake kwana. Ba a yi mako ba maƙwabciyarmu Wasila ta shigo, wai aron turmi. Wasila tana da turmi biyu. Ta zauna ta gaida ni, ta gaida gajiyata, ta gaida gwiwata, sannan ta matso ta rage murya.

"Yaya Bintu, 'yar nan tawa za ta zauna jarrabawar bak ta gama sakandare. Ko za ki sa baki Mushe ya ɗan duba mata?"

"Ya duba mata me? Littattafanta?"

"Haba Yaya Bintu. Ai mun ga farantin."

Na ce mata farantina ne, na shinkafa, kuma in tana son 'yarta ta ci jarrabawa ta raba ta da wayar salula. Ta fita ba turmi. Abin da ban sani ba, wadda aka kora daga gidan mai duba ta fi wadda aka karɓa yaɗa labari. Kafin Juma'a magana ta zagaye lungunan Birni ta dawo da ƙari: Mushe Kyari yana bugun ƙasa, yana kiran taurari da sunayensu na Larabci, kuma ba ya yi wa talaka, sai manya.

A amin na fara jin abin. Da, in ya kai ƙarshen Fatiha, har tagar ɗakina sai ta amsa. Sai ya koma na sahu biyu. Sai na sahu ɗaya. Wasu da na san muryarsu tun suna yara na daina jin su, ashe sun koma babban masallacin bakin hanya. Mutanen da ya raɗa wa 'ya'yansu suna, ya sallaci iyayensu. Abin ya ƙona mini rai ƙwarai. Shi kuwa ko a fuska, wai zafi ne ya kori mutane, can akwai fanka.

Abdulmumin ne ya yi ƙarfin halin zuwa. Yaro ne mai natsuwa, ya yi karatun addini mai zurfi, kuma tsohon ɗalibin Ya Kyari ne a lakkwal. Ba zan yi masa ƙarya ba, da ladabi ya zo. Bayan la'asar suka zauna a zaure, ni kuma ina tsakar gida ina tankaɗe, kunnena yana wajensu.

"Mushe, mutane suna magana. An ce kana duba. Ni ban yarda ba, shi ya sa na zo in ji daga bakinka."

Da ni ce, sai in ce ƙarya ne, in sa aya. Amma malamin lakkwal in ya ga ɗalibi a gabansa, shi ke nan, aji ya samu. Ya ɗauko bayani tun daga rana, ya bi ta Mirrihi da Mushtari, har ya zo kan dutsensa. Ya ƙare da abin da ya ɗauka shi ne babbar hujjarsa.

"Tafiyarsa a kan ƙa'ida take. Yanzun nan zan iya nuna maka inda zai kasance gobe, da inda zai kasance watan gobe."

Rariya ta kusa faɗuwa daga hannuna.

"Mushe," in ji Abdulmumin a hankali, "gobe ai ta Allah ce."

"Ta Allah ce mana. Wannan ba gaibu ba ne, lissafi ne."

"Masu duba ma hisabi suke cewa suna yi."

Sannan yaron ya kawo mafita, kuma na tabbata da kyakkyawar niyya ya kawo ta. Ya ce Mushe ya zubar da yashin, ranar Juma'a ya miƙe a gaban jama'a ya ce ya tuba ya bari, mutane za su dawo.

"In tuba daga abin da ban taɓa yi ba? In tsaya a masallacin ubana in yi ƙarya don a bi ni salla?" in ji Ya Kyari. "Ku hau ku gani. Dare biyu kawai nake roƙo. Ku gan shi yau, ku gan shi jibi, ku ga dutse ne yake tafiyarsa, ba ruwansa da kowa."

"Ba wanda zai hau, Mushe. Kowa ya san wanda ya je wurin mai duba, ba a karɓar sallarsa kwana arba'in."

To ka ji inda aka ɗaure shi. Hujjarsa tana kan soro, hawa soron kuma shi ne zunubin. Abdulmumin ya yi sallama ya tafi, daga ranar muryarsa ma ta fita daga amin.

Sai ya rage mutum ɗaya, Malam Idris baduku. Tare suka yi makarantar allo da Ya Kyari, tare aka yi musu kaciya. Yana da wata ƙafa da yake ja tun da ya faɗo daga kan jaki yana yaro, don haka tun daga bakin lungu nake jin takalminsa yana sharar yashi. Salla biyar ba ya fashi. Ya Kyari ya kai ƙarshen Fatiha, sai in ji amin ɗaya, dusasshe, na tsohon da goro ya cinye wa haƙora. Amma amin ne. Mutum biyu jam'i ne, muddin Idris yana tsaye a damansa, yayana liman ne, masallacin Baba kuma bai mutu ba.

Na riƙa zuba wa Idris tuwo da man shanu ina aika masa. Na ce a raina, duk garin nan ashe namiji ɗaya ne. Ga shi da nasa ciwon: ɗansa Khalid ya tafi haƙar zinariya Jado, daga can aka ce ya wuce Libiya, an fi shekara ba a ji muryarsa ba. Uwar yaron har ta fara magana ita kaɗai. Duk da haka mutumin nan bai bar abokinsa ba.

Wata rana bayan magariba Ya Kyari ya shigo yana murmushi, rabon da in ga haƙoransa har na manta.

"Idi ya ce zai hau."

Ya hau kuwa, yana jan ƙafa, Ya Kyari na tallafe da shi. Aka nuna masa taurarin murhu, aka nuna masa ɗigon, aka kama hannunsa aka shafa masa ƙwallayen dabino da waken. Washegari hadari ya taso daga gabas, ya rufe sama, ya watse ba ko ɗigon ruwa. Ya Kyari ya kasa zama, ya fita tsakar gida ya ɗaga kai, ya dawo, ya sake fita. Kashegari sama ta washe tas, kuma aka ɗauke kuran tun kafin isha'i. Na ce lalle yau Allah yana tare da shi.

Na dafa musu shayi na hau da shi. Ina tsakiyar matakala na tsaya hutar da gwiwa, sai na ji muryar Idris.

"Ya matsa! Wallahi ya matsa. Shekaranjiya yana ƙarƙashin na tsakiya, yau ga shi ya yi dama."

"Ka gani da idonka?"

"Na gani, Kyari."

"To alhamdu lillahi. Gobe ka faɗa musu. Kai za su ji maganarka, ba ka taɓa yi wa kowa ƙarya ba. Ka ce musu dutse ne, ka ce ka ga..."

"Kyari."

Yadda ya kira sunan ne ya hana ni ƙarasa hawa.

"Na yi haƙuri, ban taɓa tambayar ka ba. Na ce sai ranar da ka yarda da ni har ka nuna mini aikin da kanka. Yau ka nuna mini. Don girman Allah, don zumuncin da ke tsakaninmu, ka buga mini. Khalid yana raye?"

Can wani jariri yana kuka a soron su Wasila.

"Idi," in ji yayana daga baya, da wata murya da ban san shi da ita ba, "kai ma?"

"Ba zan faɗa wa kowa ba. Ko uwarsa ba zan ce daga wurinka na ji ba."

"Dutse ne, Idi. Bai san Khalid ba. Ni ma bai san ni ba."

"Ka san inda dutse zai kwana gobe a can sama, amma ba ka san inda ɗana ya kwana a ƙasa ba?"

"Ban sani ba. Wallahi da na sani da ban bari ka tambaya ba."

"Kowa ya gudu ya bar ka, ni na tsaya." Yanzu kuka yake, kukan tsoho, mara daɗin ji. "Ka ɗauka ban san hukuncin ba? Na sani sarai. Tun da aka fara maganar nan nake bin ka salla, ina sane ba a karɓa. Na hau soron nan ina sane da kwana arba'in. Na ce ba komai, in dai zan ji labarin ɗana, Allah ya yafe mini daga baya. Sallata na zubar saboda kai, Kyari. Kalma ɗaya za ka hana ni?"

Ina tsaye a duhu, butar shayi tana ƙona mini yatsu, kuma ga abin da nake faɗa a zuciyata: ka ce yana raye. Ka shafa yashin nan ka ce yana raye, zai dawo. Me zai ci maka? Tsoho zai yi barci, uwar yaro za ta ci abinci, kai kuma gobe da asuba akwai mai ce maka amin. Duk unguwa ta riga ta naɗa maka rawanin duba, to ka ci moriyarsa ko sau ɗaya mana.

Amma na san wanda Baba ya haifa.

"Ba zan yi maka ƙarya a kan ɗanka ba," in ji shi. "Zo mu yi masa addu'a, ita ce kawai nake da ita."

"Riƙe addu'arka. Ashe gaskiyar Wasila ce, sai manya."

Ya sauko shi kaɗai, yana dafa bango. Na raɓe na ba shi hanya, ya wuce ni kamar bai gan ni ba. Na ji takalminsa yana sharar yashi har ya fita lungu.

Na ƙarasa hawa na ajiye shayin. Ya Kyari yana zaune a ƙasa, ya juya wa jumel ɗinsa baya. Ban ce masa na faɗa maka ba, ko da yake maganar ta zo har bakina. Ya tsince ƙwallayen dabinon ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauke waken, ya kifar da yashin a gefen soro, ya goge farantin da hannun rigarsa.

"Ga farantinki, Bintu."

Na karɓa. Na so in jefa shi gidan Wasila ya faɗa mata a ka. Na so in bi gidajen unguwar nan ɗaya ɗaya in tambaye su wa ya koya wa 'ya'yansu abin da suke ci da shi yau. Ban yi ko ɗaya ba, na sauko da farantin da shayin da ba wanda ya sha.

Da asuba shi ya kira salla, don ladanin ma ya daɗe da komawa bakin hanya. Ya yi nafila ya zauna jira. Ni ma ina zaune a kan tabarmata, kunnena yana lungu. Can sai na ji shi, takalmin nan mai sharar yashi, yana tahowa a hankali. Ya zo daidai ƙofar masallacin, ya ɗan tsaya, sannan ya ci gaba, ya yi ta nisa har na daina jin sa.

Ya Kyari ya jira har gari ya fara haske, sannan ya tayar da iƙama da kansa. Ya yi kabbara, ya karanta Fatiha a bayyane da muryar nan tasa, bai rage komai ba, kamar sahu uku ne cike a bayansa. Da ya kai ƙarshe ya yi ɗan shirun nan da ya saba bar wa mamu, shekara da shekaru.

Na ɗaga kai wajen 'yar tagar na ce amin, da iyakar ƙarfina. Na san ya ji. Ya daɗe bai ja sura ba, da ya fara kuma muryarsa ta ƙi fita, sai da ya sake farawa.